Iyaye Kiristoci da jami'o'in Amurka

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan kukan da iyaye Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya ke yi a Amurka, cewa jami'o'i na raba 'ya'yansu da addini. Yaro ya bar gida yana zuwa coci duk Lahadi, ya dawo hutun Kirsimeti yana ja-in-ja da mahaifinsa kan aure da zubar da ciki, har ya ƙi sunkuyar da kai a addu'ar cin abinci.

Kukan nasu ba na banza ba ne. Ita kanta Harvard, da aka kafa a 1636, limaman coci ta fi yayewa da farko. Yau ta yi wa wannan asali nisa. Shi ya sa wasu ke tura 'ya'yansu jami'ar Kirista ta Liberty, wadda Fasto Jerry Falwell ya kafa a Virginia a 1971, ko kwalejin Hillsdale ta Michigan, wadda ba ta karɓar kuɗin gwamnati don gudun katsalandan.

Wannan haƙƙinsu ne. Inda na raba gari da wasunsu shi ne tafin da suka yi wa Gwamna Ron DeSantis na Florida lokacin da ya cusa mutanensa a hukumar New College, wata kwalejin gwamnatin jihar, a 2023, aka soke sashen nazarin jinsi. In gwamna zai zaɓa wa jami'a darasi yau, gobe wani ne zai hau kujerar, kuma ba lallai ya zama ɗan coci ba.

Naku,
Mai karatu daga Jos