Kabarin Maijirgi, da waɗanda ba a rubuta sunansu ba

Edita, assalamu alaikum.

Watan jiya na kai jikana Tasawa, muka zarce Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke, hafsoshin Faransa biyu waɗanda sojojinsu suka harbe a Yulin 1899. Yaron ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kaka, waɗannan waliyyai ne?" Wallahi sai da na rasa bakin magana.

Su ne fa suka ƙone Birnin Ƙonni, suka far wa Lugu ta Sarauniya Mangu, suka bi ƙauyukanmu suna kisa. Ko Kanar Kulob da Faransa ta aiko ya dakatar da su, Bule ya sa aka bindige shi a Ɗankori. Yau mai kisa yana da kabari sananne, waɗanda aka kashe kuwa sai a bakin tsofaffi, tsofaffin ma suna ƙarewa.

Ban ce a tone kabarin ba, a bar shi shaida. Ban kuma ce a sassaƙa gunki ba, kafin malamai su taso mini. Allo nake roƙo, na siminti, da boko da ajami, mai sunayen garuruwan da aka ƙona.

A 2024 Yamai ta sauya sunan titin Dagol, tsohon shugaban Faransa, zuwa Jibo Bakari, ɗan gwagwarmayar 'yancin Nijar. Madalla. To mu a jihar Maraɗi, buhu nawa na siminti allon zai ci? Na farko ni zan saya daga fanshona.

Tsohon malamin lakwal,
Unguwar Zariya, Maraɗi