Sanarwa: amsar tambayar ciyawa da shanu

Assalamu alaikum ƴan uwa, ga amsar tambayar da aka yi ta muhawara a kai a group ɗin nan, wai me ya sa saniya ke ƙiba da ciyawa amma mutum ba zai iya ba.

Abun da ke cikin ciyawa sunansa selulos, shi ne ke ƙarfafa bangon ƙwayoyin tsirrai, auduga ma kusan kashi 90 cikin 100 shi ne. Wani Bafaranshe Anselme Payen ya gano shi a 1838. Kuma fa gulukos, wato wani nau'in sukari, ne aka jera kamar sitaci, sai dai ɗaurin ya bambanta, cikinmu ba shi da sinadarin da zai kwance shi.

Ita ma saniyar ba ita ke narkar da shi ba wallahi, ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin tumbinta suke aikin, ita kuma tana dawo da abincin baki tana tuƙa don ya ƙara laushi, bakteriyar su ci su fitar mata da sinadaran da jikinta ke samun ƙarfi da su. Doki nashi a babban hanji ake yi, ita ma gara mai cin itace tana da ƴan halittu a cikinta masu yi mata wannan aikin.

Amma don Allah kar wani ya ce to ganye ba shi da amfani gare mu, shi ke sa bayan gida ya fita da sauƙi. Mai ƙarin tambaya ya turo nan.