Barka da Sallah daga Japan, da wani aiki ga Auta

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaishe da Yaya da iyalinsa, da maƙwabta baki ɗaya. Nan lafiya ƙalau, sai dai ranar aiki ce kamar kullum.

Goron Sallar yara ya tafi ta hannun Yaya. Sauran wasiƙar ta Auta ce.

Auta, ga abin da za ka haɗa wa ƴaƴan Yaya kafin a gama yawon Sallah. Sunansa taketombo, tsohon abin wasan yaran Japan: ɗan fiffiken gora a kan tsinke, ka murza shi a tafin hannu kamar mazari, ya tashi sama ya wuce rufin ɗaki.

Nemi busasshiyar gora mai kauri. Masu sana'ar a nan sun fi son wadda ta shekara 3 zuwa 4, kuma lokacin sanyi suke sararta, don a lokacin zaƙinta ya ragu, ƙwari ba sa cinta sosai. Ɗanya kam kada ka soma, tana bushewa za ta karkace. Ka tsaga tsakanin gaɓa da gaɓa, tsawo santimita 12, faɗi kamar 1.5, kauri milimita 3. Cikin za ka kankare, ka bar bayan, nan ƙarfin yake. Auna tsakiya daidai ka huda tun kafin ka fara feƙewa, domin in ta yi siriri hudawa tsaga ta take yi. Ƙusa mai zafi ta wadatar.

Gwanintar duk a karkatar fiffiken take. Riƙe shi a kwance a gabanka. A ɓangaren dama, gefen da ke nesa da kai ya ɗaga, na kusa ya sauka. A hagu akasin haka. Ko dai ka feƙe da wuƙa a karkace, sama da ƙasa, ko ka sirance tsakiyar, ka gasa ta nesa-nesa a kan kyandir har ta yi laushi, ka murɗa kaɗan, ka riƙe har ta huce. In ka ga ta fara baƙi, ta ƙone, karyewa za ta yi. Murɗin ya yi yawa, iska ta tare shi ya daina juyi da wuri. Ya yi kaɗan, ya yi ta juyi ba tashi.

Tsinken tsire miƙaƙƙe mai santimita 15 zuwa 18 ya isa. Soka shi a ramin, ka tabbata ya tsaya cak bai jirkice ba, sannan ka ɗiga gam.

Kafin a gwada, kwantar da tsinken a bakin kofi, fiffiken yana lilo a waje. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa shi ne mai nauyi, ka goge shi har su daidaita. Wanda yake rawa a sama, yawanci wannan matakin aka tsallake.

Wajen sakinsa, hannun dama ne zai tura gaba. Bahago sai an yi masa nasa da murɗin juye, in ba haka ba kan yatsunsa zai sauko. A zagaye kusurwoyin da wuƙa, a miƙa hannu nesa da ido, wuƙar kuma kada ta bar hannunka.

Inna, a ci mini tuwon Sallah da miyar taushe. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku,
ɗanku da ke Japan