Kafin Ka Shimfiɗa Ciyawar Nan

Mutumina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya.

Shiru ya yi yawa tsakaninmu, na kuma san kana can kana gaya wa mutane Amurka ta haɗiye ni. Ba ta haɗiye ni ba, ga ni. Na ga hotunan gidan, barka da arziki, Allah ya sa a shiga a sa'a. Sai dai ƙofar nan da ka sa ta kusa fin gidan girma, ko tirela kake shirin saya ba ka faɗa mana ba? Ka ce za ka shimfiɗa ciyawar kafet a filin gaba da na baya, ka tambaye ni wace na'urar ban-ruwa ta fi ƙarko. Zan zo kan wannan. Amma ka fara sauraron abin da na gano, don tun ranar ban samu sukuni ba, kuma kai ne kake ta faɗo mini a rai.

Akwai wata gidauniya a nan Los Anjeles mai sunan Theodore Payne. Shi mutumin Ingila ne, ya zo Kalifoniya a 1893 yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana tara irin furannin dajin jihar yana roƙon mutane su shuka, a zamanin da kowa ke rububin tsirran ƙasashen waje. An kafa gidauniyar a 1960. Duk shekara, lokacin da furanni ke buɗewa, sukan shirya zagaye na Asabar da Lahadi: mutane su buɗe ƙofofin gidajensu na kansu, ka yanki tikiti, a ba ka taswira, ka bi gida-gida kana kallon lambunan da aka yi da tsirran asalin ƙasar. Ba mai ja maka gora. Masu gida na tsaye suna amsa tambaya, ga 'yan sa-kai, ga suna a jikin tsirrai. Maman yara ce ta matsa muka je. Gani ya kori ji.

Abin da ya fara buga ni shi ne ƙara. Ka san unguwannin nan tsit suke, in ba injin yankan ciyawa ba babu abin da kake ji. Muna shiga gidan wata dattijuwa sai ga kukan tsuntsaye ta ko'ina, ƙudan zuma na ta shawagi, ƙadangaru na gudu cikin busassun ganye, ga ɗan tsuntsun nan mai tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure. Tsallaken katanga kuwa gidan maƙwabcinta ne, ciyawa kore shar, an aske ta tas, ko ƙuda ɗaya babu a kai. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, sama ɗaya.

Dattijuwar nan ta ja ni gindin wani tsiro ɗan dangin tumfafiya, mai siraran ganye da farin ƙaro, duk an cinye ganyen sai kara. Ni da na gani na ɗauka ɓarna ce. Ita kuwa fuskarta cike da murna, ta ɗaga wani ganye ta nuna mini tsutsa mai zanen rawaya da baƙi da fari. Tsutsar malam-buɗe-littafin da ake kira monak ce, kuma duk duniya ba ta cin ganyen komai sai na wannan dangi. In babu shi, babu ita. A shekarun 1980 miliyoyinsu ke sauka gaɓar tekun Kalifoniya lokacin sanyi. A ƙidayar 2020 ba a samu ko 2,000 ba. Ta ce saboda su ta shuka, don haka ganyen da aka ci shi ne ribarta. Ta kuma ja kunnena kan wani irinsa na ƙasashen zafi da ake sayarwa saboda kyan furensa: ba ya bushewa da sanyi, sai ƙwayar cuta ta yi ta taruwa a jikinsa tana kama su.

Wannan magana ce ta juya mini tunani gaba ɗaya. Mu mun saba auna lambu da ido: in ganye ya yi sumul, ba huda ba tabo, mun ce ya yi kyau. Ashe ganyen da ba abin da ya taɓa shi, ba abin da yake ciyarwa ke nan. Wani farfesan ƙwari a Jami'ar Delaware, Doug Tallamy, ya daɗe yana bayyana dalilin. Kowane tsiro na da dafin da yake kare kansa da shi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya cin komai sai tsirran da suka yi dubban shekaru tare har jikinsu ya saba da dafin. Ka kawo tsiro daga wata nahiya, ƙwarin wurin ba su san shi ba. To tsuntsaye fa? Yawancin tsuntsayen tudu da tsutsa da ƙwari suke renon 'ya'yansu, ko da su iyayen tsaba suke ci. Wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ya yi nazari a kansa yana buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ya yaye sheƙa guda. Ka duba wannan lissafi, sannan ka tuna binciken 2019 da ya nuna Arewacin Amurka ta yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 daga 1970. Fili mai ciyawar ado da furannin waje kamar ka tara baƙi ne ka ajiye musu kwano mai sheƙi, ba komai a ciki.

Af, kafin in manta, da gaske ne mutumin naka ya sake sayar da motar? Yaya ce ta faɗa a waya, ta ce wannan karon ma rantsuwa ya yi ba zai ƙara sayen tsohuwa ba. Ka gaishe shi, ka ce ina nan ina jiran labarin ta gaba. Autarku kuma an ce ta ci jarabawa, madalla. Kanta ya biyo na uwarta, kada ka soma yi mana fankama.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi shafar aljihunka. Ruwan sama a nan da sanyi yake sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma a shekara bai cika wuce milimita 380 ba. Sauran watannin ƙamas. Ruwan famfon birnin daga nesa ake jawo yawancinsa: kwarin Owens tun 1913, da kogin Kolorado, da arewacin jihar. A ce an jawo ruwa ɗaruruwan kilomita, an tace shi ya kai a sha, sannan a watsa wa ciyawar da ba mai zama a kanta! A farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016, Gwamna Jerry Brown ya ba da umarni a 2015 birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100. Hukumar ruwa ta yankin har kuɗi take biya kan kowace ƙafa murabba'i, in ka tuge ciyawarka ka dasa abin da ya dace. Da yawa daga masu gidajen da muka shiga da wannan suka fara.

Tsirran asalin kuwa sun san wannan yanayi tun fil azal. Ana dasa su a Oktoba ko Nuwamba don ruwan sanyi ya kafa musu saiwa, a riƙa ba su ruwa shekara ɗaya ko biyu, daga nan a ja baya. Wani magidanci ya ce abin da ya fi kashe su shi ne tausayi. Manzanita mai jan kara sumul, da siyanotus mai shuɗin fure, da manyan itatuwan oak na gaɓar teku, in ka dame su da ruwa a tsakiyar zafi sai saiwarsu ta ruɓe, don danshi da ɗumi tare su ke tayar da cutar cikin ƙasa. Ba sa son taki, ba sa son feshi. Har ganyen da ya zube ba a sharewa, nan ƙwari ke ɓuya, shi ne kuma ke riƙe danshi. A gidan nan na ga an bar wani ɓangare ƙasa tsirara da gangan. Jihar na da ƙudan zuma na asali wajen iri 1,600, yawancinsu ba sa yin amya, rami suke haƙa a ƙasa, kowace ita kaɗai.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ruwan rufi. Sun karkatar da indararo zuwa wani ɗan kwari da suka haƙa a tsakar lambu suka jera duwatsu, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya bi titi. Lissafin ba wuya: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 25, ya ba ka lita 2,500 kyauta. Rufin gidan nan naka ai ya ninka haka.

Kada ka ce komai daɗi ne. Masu gidajen ba su ɓoye mana ba, kuma don haka na yarda da su. Shekarar farko filin ba shi da kyan gani, 'yan tsirrai nan da can cikin ɓarzajjen itace, maƙwabta na leƙe suna taɓe baki. Kashe tsohuwar ciyawa aiki ne: a shimfiɗa kwali, a jiƙa, a rufe da ɓarzajjen itace mai kauri, a jira watanni, kuma akwai mai taurin kai da ke sake ɓullowa sai an bi ta da hannu. A ƙarshen zafi wasu tsirran kan yi launin toka su kakkaɓe ganye, barci suke yi, wanda bai sani ba ya ce sun mutu. Bayan gobarar Janairun 2025 kuma kowa na maganar barin ƙafa 5 na kusa da bango ba abin da wuta za ta kama. Ni dai duk da haka ban ga wanda ya yi nadama ba.

A ganina wannan ne amfanin shiga gidajen mutane. Lambun gwamnati na da ma'aikata da kasafi, kana kallo kana cewa ba irin nawa ba ne. A nan kuwa fili ne irin naka, ga wurin ajiye mota, ga igiyar shanya, ga keken yara a yashe. Wani saurayi ɗan haya ne ma, a tukwane ya yi nasa a baranda, kuma ƙudan zuman sun same shi. Ka ga tsiron da ya yi shekara biyar, ka san girman da zai kai, ka tambayi mai shi abin da ya mutu masa da dalili.

Yanzu ga roƙona. Kada ka ce in aiko maka da irin toyon, wani itace na nan mai jajayen 'ya'ya, ko na furen nan mai ruwan lemo da jihar ta ɗauka tambarinta, don na san halinka. Da ka kai su wajenka sun zama baƙi, kuma baƙon tsiro kan iya tsallake katanga ya zama annoba. A nan akwai ciyayin ado da aka kawo don ƙawata gidaje, yanzu sun mamaye tuddai suna ƙara wa gobara ƙarfi. Dogayen giginyun nan ma da ake ɗaukar hoton birnin da su, ba 'yan ƙasa ba ne, an dasa da yawansu ne gab da wasannin Olamfik na 1932. Abin da za ka kwaikwaya shi ne tunanin. Ka fita bayan gari inda ba a taɓa ba, ka ga abin da ke tsiro da kansa a ƙasa irin taka, me ke fure a wane wata, wane itace tsuntsaye suka fi sauka a kai. Ka tambayi tsofaffi sunayensu, ka tambayi malaman tsirrai na jami'ar da ke kusa da kai. Amma kada ka tuge daga daji. A nan wani farin tsiro mai ƙamshi, ɗan dangin ɗoɗɗoya, ana ta satarsa a daji don sayarwa har abin ya zama damuwa. Ka ɗebi iri kaɗan, ko ka nemi masu renon dashe. Ka bar wa yara ɗan fili na ciyawa su buga ƙwallo, wannan yana da amfani. Sauran ka fara da itace guda na asali da kusurwa ɗaya, ka ga abin da zai zo.

Mu ma mun yanke shawara. Ciyawar gaban gidanmu ba za ta kai Nuwamba ba in Allah ya yarda, har Maman yara ta fara tara kwalaye a gareji, ƙaramin kuma ya ce shi ne mai ƙidayar tsutsa. Abin da ya rage shi ne mai gidan hayar, ranar Asabar zan kai masa hotunan da na ɗauka da takardar hukumar ruwa. Ka taya mu da addu'a ya amince.

Ka auno mini tsawo da faɗin filin bayan, ka gaya mini ta ina rana ke faɗa masa da yamma da inda ruwa ke kwanciya in an yi sama. Ka nuna wa Hajiya wasiƙar nan, na san ita za ta fi ka saurin ganewa. Ka kuma ce wa Yaya saƙonta yana hannun wanda zai taho wata mai zuwa, takalman ne kawai ban samu lambarta ba.

A gaida kowa da kowa.

Naka har kullum.