Godiya ga Alhaji da yaransa, masu jigilar da suka hau da kayanmu Mambila

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai ofishin jigilar kaya da ke cikin garin Gombe, da manajansa, da Baba direba da yaran motarsa, da ƙanwata mai rubuta rasit wadda ko sau nawa na kira a rana da fara'a take ɗaga waya.

Alhaji na san kace kar in saka sunanka ko na ofis a ko'ina, to na ji ban saka ba, amma godiyar kam wallahi ba zan iya haɗiye ta ba, ai yaba kyauta tukwici ne. Duk ɗan Gombe da ya taɓa ba ku kaya zai gane da ku nake.

Ga wanda bai san zancen ba, Abban yara ne aka yi wa canjin wajen aiki zuwa Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, can saman tsaunin Mambila dab da iyakar Kamaru. Shi ya riga mu yin gaba sabida aiki ba ya jira, ya bar ni da yara da Hajiya mahaifiyarsa da tarin kayan gida na shekara da shekaru. Na zaga wajen masu mota ba ɗaya ba ba biyu ba, kowa na faɗa masa Gembu sai yace ba matsala Hajiya kawo kuɗi kawai, babu wanda ya tambaye ni ko me da me zan ɗauka, wani ma daga yadda yake magana ka san ko Jalingo bai taɓa wucewa ba. Manajanku ne kaɗai da nace Gembu ya ajiye biro ya dube ni yace ƙanwata kin san inda za ki kuwa? Yace ba zai yanka min farashi ba sai ya zo gida ya ga kayan da idonsa.

To wannan zuwan nasa shi ne asalin abin da ya sa nake wannan rubutun. Ni babbar mota na je nema, kuma da ya ba ni ita da na biya ban ce komai ba, sun fi samun riba a haka. Amma bawan Allahn nan ya bi ɗaki ɗaki yana cewa wannan a bar shi, wannan ma a bar shi. Ya nuna esi yace me za ki yi da wannan a garin da ko da rana tsaka da wuya zafi ya wuce digiri 25? Lokacin fa watan Afrilu ne, mu nan Gombe muna fama da 40, yara na kwana tsakar gida ana fifita, maganar tasa kaman tatsuniya nake jin ta. Fankoki yace in ɗauki ɗaya in ma dan kar raina ya ɓaci ne. Tsohuwar wadirof da manyan kujerun falo yace ƙanwata kuɗin hawa da su dutse ya kusa kuɗin sababbi, kuma can katako ba abin nema ba ne, itacen zaiti ko'ina an shuka, kafintoci na nan. Yace in sayar da abin sayarwa in shiga gwanjo in sayi barguna masu nauyi, rigunan sanyi, safa, hular sanyi, da takalman roba na ruwa ma yara, dan damina a can tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba ta wuce. Kafin ya fita kayan da zan cika babbar mota da su sun dawo na ƙaramar motar kaya Kanta guda ɗaya, kuɗin ma ya sauko sosai. Nace masa Yaya kai ba ka son ciniki ne? Yayi dariya yace cinikin da zai sa motata ta tsaya a tsakiyar hawa da kayan mutane ba ciniki ba ne.

Ni dai a wannan zamanin da kowa ke neman inda zai ƙara maka ko naira ɗari ce, ban saba ganin ɗan kasuwa ya rage wa kansa kuɗi da bakinsa ba, kuma ba dan ya san ni ba, ba dangin iya ba na baba.

Ranar ɗaurin kaya ma abin kallo ne. Kowane kwali sai an rubuta masa lamba da biron maka, a shigar a littafi, a ɗauki hoto a tura min ta WhatsApp a tura wa Abban yara. Katifu duk sai da suka saka su a leda suka naɗe da salatif, takardun makarantar yara da littattafai leda biyu biyu, wai danshin can ba ya wasa, abu kaɗan sai ka ga fumfuna. Inda aka so a samu matsala wajen kayan Hajiya ne. Tana da wasu kwalla da tasoshi tun na aurenta, ko mu ba ma taɓa mata, tace ita fa ba mai ɗaukar mata su, a cinyarta za ta riƙe har Gembu. Sai ƙaramin yaron motar ya cire takalmi ya zauna dirshan a ƙasa gabanta yace Kaka ke za ki miƙo min ɗaya bayan ɗaya, in na yi ba daidai ba ki ƙwace. Tana miƙa masa yana naɗewa da tsohuwar jarida yana cusa tsumma a tsakani, murfi daban gindi daban, ya gama ya girgiza kwalin a kunnenta yace Kaka kin ji ƙara? Tace a'a. Yace to ko a dutse ba za ki ji ba. Tun daga ranar take kiransa mai gidana, har yau in ta idar da sallah sai ta saka shi a addu'a.

Su suka nemo mana ƙaramar motar da muka shiga, da sharaɗin ba za ta rabu da motar kaya ba. Bayan sallar asuba muka ɗau hanya, Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, muka haye gadar Binuwai a Numan muka miƙe Jalingo. Wannan ɓangaren ba wani labari sai zafi da ramuka da shingaye, kuma duk inda aka tsayar da mu takardun kaya na hannun Baba direba a cikin fayil, ko sau ɗaya ba a ce in fito in yi bayani ko in kawo wani abu ba. Dokarsa ɗaya ce, ba ya tafiyar dare da iyalin mutane, magariba na gabatowa sai a nemi masauki. Daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti, inda direbanmu ya dinga ba yara labarin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma ta wannan yankin ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Babban ɗana har rubutawa yayi a bayan littafinsa wai zai je ya burge 'yan sabon ajinsu, bai san su a gindin abin aka haife su ba.

Mayo Selbe nan ne gindin dutse, kuma nan na ƙara sanin ba ƙananan mutane na ba kayana ba. Mun iso da sauran rana, ni ina ta ɗoki mu ƙarasa, Baba direba yace 'yata yi haƙuri, ni ba na hawa da yamma, sai da safe in Allah ya kai mu. Da gari ya waye kafin ya tada mota sai da ya duba ruwan lagireto, ya duba man birki, ya shiga ƙarƙashin mota da kansa duk da shekarunsa, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ƙarfe yana saurare, aka sake ɗaure igiyoyi, aka ƙara tampol na biyu a kan na farko alhali sama garau take ko ɗigon hadari babu. Sannan ya leƙo motarmu yace a fito da rigunan sanyin yara yanzu a riƙe a hannu, muna gumi fa a lokacin. Ya miƙo cingam yace kowa ya tauna in kunne ya toshe, Hajiya kuma ya ba ta lemun tsami sabida jiri.

Hawan nan kam sai wanda ya gani. Hanya ta nannaɗe jikin dutse kaman gammo, kwana na bin kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami wanda in ka leƙa sai cikinka ya juya. Motar kaya na gabanmu a giya ta ɗaya tana gurnani tana tafiya a hankali, yaron mota na tsaye a bakin ƙofa da weji na tare taya a hannu ko da za ta tsaya, kowace kwana sai Baba ya danna hon kafin ya shiga. Wajen da suke kira Hawan Biyu da Sisi Hajiya ta rufe ido tana ta salati da ƙarfi, autata ta ƙanƙame ni, ni kaina duk addu'ar da na iya sai da na karanto. Wasu ƙananan motoci suna ta wuce mu da gudu, Baba ko a jikinsa. Muna ƙarasawa sama iska ta canza gaba ɗaya, hazo ya sauko har ba ka ganin gabanka sosai, yara da kansu suka fara neman rigunan da suke ta mita an ba su. Kafin mu bar Maisamari ruwa ya tsuge. A nan na tuna tampol na biyu nace Allah ya yi wa tsohon nan albarka.

Daga nan har Nguroje har Gembu tuddai ne kore shar sai shanu, direba ya nuna mana ɓangaren da Kakara take inda ake noman ganyen shayin Highland, ni da nake sha a Gombe ban taɓa kawo wa raina a Najeriya ake noma shi ba.

Gidan da aka ba mu yana kan gangare, ga jar laka mai santsi, mota ta kasa kaiwa bakin ƙofa. A ka suka dinga ɗaukar kaya cikin yayyafi suna hawa suna sauka, ba wanda ya ce a ƙara masa ko sisi, kuma ba su tafi ba sai da suka haɗa gadaje suka ɗora katifu dan Hajiya ta samu wajen miƙe ƙafa. Aka buɗe littafi aka bi lamba ɗaya bayan ɗaya komai ya cika. Madubin dressing ɗina ne kawai ya tsage, kuma ban ma gani ba, babban yaron motar ne ya kira ni gefe yace Anti ga abin da ya faru, a wajena ne wajen saukewa. Nace haba ai tsautsayi ne a bar zancen. Washegari sai ga kiran manaja yana ba da haƙuri, kafin in ajiye waya alat ya shigo. Na kira nace zan mayar yace ƙanwata dokar Alhaji ce ba tawa ba. Kwallan Hajiya kuwa ko ƙwarzane babu.

Akwai magana ɗaya da Baba direba ya faɗa min zai tafi, zan maimaita ta a nan sabida duk mai shirin zuwa garin sanyi. Yace 'yata sanyi zai sa ki so kunna gawayi a ɗaki, ki kunna ki ji ɗumi amma kar ki kuskura ku kwana da shi ƙofa da taga a rufe, akwai iskar da yake fitarwa ba a gani ba a jin warinta, mutum na barci take kashe shi. Kullum dare sai na fitar da kaskon waje kafin mu kwanta.

Yanzu alhamdulillahi muna ta sabawa. Garin can saman dutse yake, alwalar asuba sai an ɗumama ruwa, wanki sai ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba, yara sun sha mura a farko amma sun ware. Gwiwar Hajiya ce dai ke ɗan damunta da sanyin, amma tace ta huta da zafin Gombe, ga nono da man shanu da piya da ayaba da dankalin Turawa a arha. Fulatancinmu na Gombe ya yi mana rana sosai a kasuwa, dan da shi aka fi ciniki tsakanin Mambilawa da Fulani da Kaka da sauran ƙabilu, Hausa ma ana ji. Wani dattijo maƙwabcinmu shi ya zaunar da yara ya ba su tarihi, cewa yankin nan da yana cikin Arewacin Kamaru ƙarƙashin Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna Ahmadu Bello, shi ne sunan ya zauna a kan ƙaramar hukumar. Ranar da ba makaranta kuma sai su matsa a kai su bakin kogin Donga su ga masu kwale-kwale.

Ƙorafina ɗaya Alhaji, dan Allah a saka allo babba a ƙofar ofis ɗin nan, mai Keke Napep sai da ya wuce da ni ya dawo kafin muka gane wajen, kuma bencin baƙi ya gaji a canza shi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi na halal, ya tsare motocinku da direbobinku hawa da gangara, ya ba Baba direba lafiya da nisan kwana, yaran nan kuma Allah ya nuna mana ranar da za su riƙe sitiyarin motocin kansu. Kekena na ɗinki yana nan Pantami wajen yayata, duk ranar da motarku za ta hawo a taimaka a saka min shi, kuma Baba ya biyo ta gida in zai sauka, Hajiya ta ajiye wa mai gidanta man shanu, akwai buhun piya da ganyen shayi na mutanen ofis.

Taku har kullum,
Maman yara, 'yar Gombe mazauniyar Gembu