Maganin kuskure baki: awa nawa yake aiki bayan an tofar?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan magungunan kuskure baki da suka cika kemis-kemis a garuruwanmu, waɗanda jama'a da dama ke saye da zaton cewa kuskurawa ɗaya da safe ta wadatar har dare, wasu ma har sun jingine buroshi da asuwaki saboda su.

Sanyin na'ana'a da mutum ke ji bayan ya tofar ba shi ne ma'aunin aikin magani ba. Abin dubawa shi ne ko sinadarin da ke ciki yana iya maƙalewa a haƙora da dasashi da fatar cikin baki, ko kuwa miyau zai wanke shi nan da nan. Ta wannan fuska, wanda ya yi fice shi ne sinadarin da ake rubuta sunansa chlorhexidine a jikin kwalba, mai ƙarfin kashi 0.12 ko 0.2 cikin 100. Kusan kashi ɗaya bisa uku nasa yakan zauna a baki bayan an tofar, sannan ya riƙa sakin kansa a hankali cikin miyau, yana danne ƙwayoyin cuta na tsawon awa 8 zuwa 12, kuma dalilin da ya sa likitocin haƙori ke cewa a yi amfani da shi safe da dare ke nan. Tun a 1970 wani masanin lafiyar haƙori mai suna Harald Löe da abokin aikinsa suka nuna a ƙasar Denmak cewa kuskure baki da shi sau biyu a rana yana hana dauɗar haƙori taruwa. Magungunan da ke ɗauke da wani sinadarin mai suna cetylpyridinium kuwa, aikinsu bai cika wuce awa 3 zuwa 5 ba, haka masu man tsirrai irin su Listerine ba sa zama a baki kamar chlorhexidine, duk da cewa suna da amfaninsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amfani da chlorhexidine ɗin ba tare da bayani ba. Za ka ga mutum ya goge baki da makilin, kumfa na nan a laɓɓansa, sai ya zuba maganin a murfin kwalba ya kuskure, ya bi da ruwa, ya zauna gaban kofin shayi. Sinadarin da ke sa makilin kumfa yana raunana chlorhexidine, shi ya sa ake son a bar tazarar aƙalla minti 30 a tsakaninsu, kuma kada a bi shi da ruwa. Shayi da kofi kuma suna ƙara masa saurin rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa-ƙasa. Yana kuma dagula ɗanɗano, yana ƙara taruwar tsatsar haƙori, wato dauɗar da ta ƙanƙare, idan an daɗe ana amfani da shi. Saboda haka ne ake rubuta shi na ɗan lokaci, galibi mako biyu zuwa huɗu, bayan cire haƙori ko a lokacin kumburin dasashi.

Sannan dauɗar da ta riga ta kwana biyu a gindin haƙori takan yi kauri ta manne, har maganin ya kasa ratsa ta, sai an kankare ta da buroshi ko asuwaki. Idan ta ƙanƙare ta zama tsatsa, babu kwalbar da za ta cire ta, sai likita ya sa ƙarfe.

Ina kira ga masu kemis da su riƙa tambayar mai saye dalilinsa, su gaya masa kwana nawa zai yi amfani da maganin, su kuma gargaɗi iyaye kada a bai wa yaron da bai kai shekara 6 ba, domin yana iya haɗiyewa. Ina kuma roƙon jaridarku ta gayyato likitan haƙori a shafinta na lafiya ya yi wa masu karatu cikakken bayani.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya, Jihar Kaduna