Game da Kadabra, Mai Lanƙwasa Cokali

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin iyaye kan Kadabra, wata ƙirƙirarriyar halitta a wasan bidiyo na Pokémon, wanda aka fara fitarwa a Japan a 1996. Na tarar da ɗana ya ƙura wa cokalin shayi ido, wai yana so ya lanƙwasa shi da ƙarfin tunani kamar yadda Kadabra ke yi, shi mai tauraro a goshi da cokali a hannu.

Da na bincika, sai na gano cewa a 2000 Uri Geller, mai wasan dabo da ya yi suna wajen lanƙwasa cokula, ya kai kamfanin Nintendo, wanda ya fitar da wasan Pokémon, kotu a Amurka, yana cewa an kwaikwaye shi ba da izininsa ba. Aka daina buga katin wasa mai hoton Kadabra kusan shekara 20, sai da Geller ya nemi afuwa a 2020, katin ya dawo a 2023.

A ganina, hana yara kallo ba zai wadatar ba. Na zaunar da nawa, na bayyana masa cewa zane ne kawai, dabon kuma rufa ido ne. Ina fata malaman makarantu ma su riƙa yin wannan bayani a aji.

Wassalam,
Wani mahaifi, daga Zariya